Tarihin Katangar Kilobayit 640: Yadda Aka Yi Fama da Ƙarancin Ma'adana a Tsofaffin Manhajojin Kwamfuta

Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Agusta na shekarar 1981 kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da ƙaramar kwamfutar da ya sanya wa suna IBM PC. Wata ƙaramar tawagar injiniyoyi ce ta ƙera ta a garin Boca Raton na jihar Florida, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, kuma mafi arha daga cikinta ana sayar da ita a kan dala 1,565. A lokacin da suke tsara ta, injiniyoyin sun yanke wata shawara wadda ba ta tayar wa kowa da hankali ba: sun ware wa manhajoji kilobayit 640 na ma'adana, suka keɓe sauran wurin domin bukatun na'urar kanta. Kafin a cika shekara biyar wannan shawara ta zama katanga. Kamfanoni manya da ƙanana sun shafe kimanin shekara goma sha biyar suna neman hanyar tsallake ta, wasu suka yi arziki da hakan, wasu kuma suka rasa matsayinsu a kasuwa. Tarihin wannan fama ya cancanci nazari, domin yana nuna yadda tsohuwar manhaja ke iya ɗaure sabuwar na'ura, da kuma irin dabarun da masana ke ƙirƙirowa idan ba su da ikon rushe abin da aka riga aka gina.

Ma'adana da adireshinta

Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai faifai, inda bayanai ke zama ko da an kashe na'ura. Akwai kuma ma'adanar aiki, wadda aka fi sani da RAM, inda dole manhaja ta shigo da kanta da bayananta kafin ta iya yin komai. Misalin su kamar sito ne da rumfar ɗan kasuwa. Komai yawan hajar da ke jibge a sito, abin da ya samu shiga rumfa shi kaɗai ake iya bajewa a yi ciniki a kansa.

Ana auna ma'adana da bayit, wanda shi ne gurbin da ke ɗaukar harafi guda na rubutun boko a tsarin wancan zamani. Bayit 1,024 su ne kilobayit ɗaya, kilobayit 1,024 kuma su ne megabayit ɗaya. Kowane bayit yana da lambar adireshinsa, kuma masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafi, tana kiran bayit ne ta hanyar aika lambarsa a kan wasu layukan lantarki. Kowane layi yana ɗaukar ɗayan abu biyu, sifili ko ɗaya, saboda haka duk layin da aka ƙara yana ninka yawan adireshin sau biyu.

Kwamfutocin ƙarshen shekarun 1970, irin su Apple II da waɗanda ke aiki da babbar manhajar CP/M, suna da layuka 16, abin da ya ba su adireshi 65,536, wato kilobayit 64. Masarrafar Intel 8088 da IBM ya zaɓa tana da layuka 20, don haka tana iya kiran adireshi 1,048,576, wato megabayit ɗaya cur. Sai dai ma'ajiyoyin lissafin da ke cikinta masu bit 16 ne, ba za su ɗauki lamba mai bit 20 ba. Mafitar da Intel ya samo ita ce haɗa lambobi biyu: ta farko tana nuna unguwa, ta biyu tana nuna gida a cikin unguwar. Masarrafa tana ninka lambar unguwa sau 16, ta tara da lambar gida, sai cikakken adireshi ya fito. Kowace unguwa faɗinta kilobayit 64 ne. Wannan ɗan lissafi zai sake bayyana a gaba, domin daga cikinsa wata dabara ta fito.

Yadda aka kasa megabayit ɗaya

Ba manhajoji kaɗai ke bukatar adireshi ba. Katin da ke zana rubutu a kan allo yana da tasa ma'adanar, haka ma manhajar BIOS da ke tayar da na'ura idan an kunna ta, da sauran katunan da ake ƙarawa. Injiniyoyin IBM sun raba megabayit ɗin gida 16, kowanne mai kilobayit 64. Goma na ƙasa, wato kilobayit 640, suka bar wa babbar manhaja da manhajojin aiki. Shida na sama, wato kilobayit 384, suka keɓe: biyu na farko na allo, na ƙarshe na BIOS, na tsakiya kuma na katunan da za a ƙirƙiro nan gaba.

A ma'aunin 1981 wannan rabo karamci ne. Kilobayit 640 ya ninka abin da kwamfutocin CP/M ke da shi sau goma, kuma mafi ƙanƙantar IBM PC da kilobayit 16 kacal ake sayar da ita. An daɗe ana yaɗa cewa Bill Gates, shugaban Microsoft, ya taɓa cewa wannan adadi ya ishi kowa, amma shi da kansa ya musanta, kuma ba a samu wata hujja da ta tabbatar da zancen ba.

Babbar manhajar DOS, wadda Microsoft ya saya daga kamfanin Seattle Computer Products inda Tim Paterson ya rubuta ta, ba ita ce ta kafa iyakar 640 ba. Shaidar haka ita ce kwamfutar Victor 9000, wadda ke aiki da MS-DOS amma tsarin ma'adanarta daban, tana iya kai wa kilobayit 896. Abin da ya ƙarfafa katangar shi ne ɗabi'ar marubuta manhaja. Hanyoyin da DOS da BIOS suka tanadar domin rubutu a kan allo suna da nawa, sai marubutan suka riƙa tsallake su suna zuba haruffa kai tsaye a adireshin katin allo. Da zarar dubban manhajoji suka dogara da wannan adireshi, babu mai ikon matsar da shi. Kamfanoni irin su Compaq da suka ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon IBM sun kwafi taswirar ma'adanar yadda take, waɗanda suka kauce mata kuma kasuwa ta juya musu baya. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya bushe cikin shekara biyu zuwa uku.

Matsin farko da dabarun farko

Manhajar da ta fara cin karo da katangar da ƙarfi ita ce Lotus 1-2-3, manhajar jadawalin lissafi da ta fito a watan Janairun 1983, aikin Mitch Kapor da Jonathan Sachs. Ta samu karɓuwa ƙwarai a bankuna da ofisoshin akantoci, har ta zama dalilin da ya sa kamfanoni da yawa suka sayi IBM PC. Saurinta ya samo asali ne daga riƙe jadawalin gaba ɗaya a cikin ma'adanar aiki. Illar hakan ita ce, idan kasafin kuɗin kamfani ya yi girma, sai akanta ya ga saƙon cewa ma'adana ta cika, ya rasa damar ƙara ko layi ɗaya. Dole ya yanka jadawalin gida-gida ya riƙa haɗa jimillarsu da hannu, abin da ke buɗe ƙofar kuskure a harkar kuɗi.

Ba a wurin manhajar aiki kaɗai matsin yake ba. DOS tana cin nata kason, kuma kowane sabon zubi nata ya fi na baya girma. Ƙananan manhajojin da ke tuƙa na'urori, waɗanda ake kira direbobi, kowanne yana yankar nasa: na linzami, na hanyar sadarwar ofis, daga baya kuma na faifan CD da na katin sauti. Sai kuma manhajojin da ke laɓewa a ma'adana suna jiran a kira su da maɓalli, irin su SideKick na kamfanin Borland da ya fito a 1984. Kafin babbar manhajar aiki ta shigo, an riga an cinye wani kaso mai yawa na rumfar.

Dabara ta farko da aka yi amfani da ita tsohuwa ce, an gaje ta daga manyan kwamfutocin shekarun baya. Marubuci yakan raba manhajarsa zuwa uwa da rassa. Uwar tana zaune a ma'adana koyaushe, rassan kuma suna karɓa-karɓa a gurbi ɗaya. Idan mai amfani ya nemi buga takarda, sai a ɗauko reshen bugu daga faifai a shimfiɗa shi a kan reshen da ke wurin, idan ya koma gyaran rubutu a sake musanyawa. Manhajar rubutu ta WordStar ta yi aiki da wannan hanya, kuma kayan rubuta manhaja irin su Turbo Pascal sun tanadi yadda ake yin ta. Dabarar ta rage girman umarnin manhaja, amma tana jawo jinkiri duk lokacin da aka koma faifai, kuma ba ta warware matsalar akanta ba, tunda shi bayanansa ne suka yi yawa.

Taga zuwa wata ma'adana: tsarin EMS

A shekarar 1985 Lotus da Intel suka fito da wani tsari, Microsoft ya shigo cikinsa ba da jimawa ba, aka riƙa kiran sa LIM EMS, daga haruffan farko na sunayen kamfanonin uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Intel ya ƙera katin ƙarin ma'adana mai suna Above Board, Lotus ya gyara manhajarsa ta iya amfani da shi a zubi na 2, Microsoft kuma ya ba shi goyon baya ta ɓangaren DOS.

Tushen dabarar shi ne cewa kilobayit 384 da aka keɓe a sama ba duka ake amfani da su ba, akwai gurabe da babu kowa a cikinsu. Sai aka zaɓi gurbi mai kilobayit 64 aka mayar da shi taga. Ma'adanar da ke kan katin ba ta da adireshi a idon masarrafa. An yanka ta shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 16, tagar kuma tana ɗaukar shafi huɗu a lokaci guda. Idan manhaja tana son wani shafi, sai ta roƙi direban katin, shi kuma ya sauya haɗin lantarki, shafin ya bayyana a tagar nan take ba tare da an kwafi ko bayit ɗaya ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya huda ƙaramar taga tsakanin rumfarsa da wani ɗaki na baya, yaronsa na miƙo masa dila huɗu yana karɓar huɗu. Rumfar ba ta ƙara faɗi ba, amma hajar da yake iya kaiwa gare ta da sauri ta ninku.

Zubi na 3.2 na wannan tsari ya kai megabayit 8. Kamfanin AST Research tare da Quadram da Ashton-Tate suka fito da wani ingantaccen salo nasu, daga nan aka haɗe ra'ayoyin a zubi na 4.0 a shekarar 1987, wanda ya kai megabayit 32. Babban alfanun EMS shi ne yana aiki hatta a kan tsohuwar 8088. Nakasunsa kuwa shi ne dole a sake rubuta manhaja musamman dominsa, kuma marubucin ne zai riƙa tuna wane shafi ke cikin taga a kowane lokaci. Mantuwa ɗaya na iya sa manhaja ta rubuta bayani a kan shafin da ba shi ake nufi ba.

Masarrafar 80286 da layi na ashirin da ɗaya

A watan Agustan 1984 IBM ya fito da PC/AT, mai ɗauke da masarrafar Intel 80286. Wannan tana da layukan adireshi 24, wato tana iya kiran megabayit 16. A zahiri kamar matsala ta ƙare, amma akwai sharaɗi. Masarrafar tana da yanayin aiki biyu. A yanayin asali tana kwaikwayon 8088, da iyakarta ta megabayit ɗaya. A yanayin kariya ne kaɗai take ganin sauran ma'adanar, kuma a can lambar unguwa ta sauya ma'ana, ta zama manuni zuwa wani jadawali, saboda haka DOS da manhajojinta ba sa aiki. Bugu da ƙari, Intel ya tanadi umarnin shiga yanayin kariya amma bai tanadi na fita ba. Domin komawa yanayin asali sai an ajiye alama a wata ƙaramar ma'adana, a sa guntun lantarkin da ke kula da allon madannai ya sake tayar da masarrafar, BIOS ta ga alamar ta mayar da aiki inda aka tsaya. Wannan zagaye yana cin lokaci. A sakamakon haka mutane da yawa suka sayi kwamfuta mai tsada suna amfani da ita a matsayin 8088 mai sauri, ƙarin ma'adanar kuma aka mayar da ita faifan wucin gadi ta hanyar direban VDISK.

Akwai kuma wata ƙaramar matsala da ta rikiɗe ta zama alheri. Idan aka ɗauki lambar unguwa mafi girma, 65,535, aka ninka sau 16, aka tara da lambar gida mafi girma, sakamakon yana haura megabayit ɗaya. A kan 8088, da yake babu layi na 21, adireshin yakan zagayo ya koma farko, kamar yadda agogo ke komawa ƙarfe ɗaya bayan sha biyu. Wasu tsofaffin manhajoji sun dogara da wannan zagayowa. A kan 80286 layin yana nan, sunansa A20 domin ƙirga layukan daga sifili ake farawa, don haka adireshin ba ya zagayowa. Domin kada tsofaffin manhajojin su lalace, IBM ya sanya ƙofa a kan layin, wadda ke rufe shi ko buɗe shi, ya kuma ɗora alhakinta a kan guntun allon madannai saboda yana da ƙafar da ba a amfani da ita.

Daga baya masana suka lura cewa idan aka buɗe ƙofar, manhajar da ke yanayin asali tana iya taɓa bayit 65,520 da ke sama da megabayit ɗaya, wato kilobayit 64 ba bayit 16. Aka kira wannan yanki HMA. Microsoft ya fito da direban HIMEM.SYS a 1988 domin kula da shi, kuma a shekarar ne Microsoft da Lotus da Intel da AST suka amince da tsarin XMS, wanda ya shimfiɗa ƙa'idar yadda manhajoji za su roƙi ma'adanar da ke sama da megabayit ɗaya ba tare da sun tattake juna ba.

Masarrafar 80386 da zamanin tattalin kilobayit

Intel ya gabatar da 80386 a watan Oktoban 1985. Mai bit 32 ce, tana iya kiran gigabayit 4, tana kuma shiga yanayin kariya ta fita ba tare da wahala ba. Kamfanin Compaq ne ya riga IBM sanya ta a kwamfuta, da Deskpro 386 a watan Satumban 1986. Abubuwa biyu a cikinta suka sauya lamarin. Na farko, tana iya yanka ma'adana shafi-shafi na kilobayit 4 ta sa kowane shafi ya bayyana a duk adireshin da aka ga dama. Asalin wannan tunani ya koma ga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, wadda ta fara aiki a 1962. Na biyu, tana da wani yanayi da DOS ke gudana a cikinsa tana zaton a kan 8088 take, alhali wata manhaja ce ke lura da ita daga sama.

Da waɗannan aka rubuta manhajojin kula da ma'adana: CEMM na Compaq, QEMM na Quarterdeck, 386MAX na Qualitas, sai EMM386 na Microsoft. Suna kwaikwayon katin EMS ba tare da an sayi kati ba. Suna kuma cike guraben da babu kowa a cikin kilobayit 384 na sama da ma'adana ta gaske, a kwashe direbobi a kai su can, a bar wa manhajar aiki filin ƙasa. Kamfanin Digital Research ya sanya irin wannan dabara a cikin DR DOS 5.0 a 1990, abin da ya zaburar da Microsoft ya fito da MS-DOS 5.0 a watan Yunin 1991, wadda ke iya ɗaga mafi yawan jikinta zuwa HMA. Da kyakkyawan tsari ana iya samun sama da kilobayit 600 a sake.

Nauyin tsarin kuwa a kan mai kwamfuta ya faɗa. Fayiloli biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, su ke faɗa wa na'ura abin da za ta ɗora da inda za ta ɗora shi. Jerin da aka bi wajen ɗora direbobi yana da tasiri, domin wani direban yana bukatar wuri mai faɗi lokacin tashi sannan ya tsuke. Ma'aikatan ofis da yara masu wasannin kwamfuta sun koyi musanya layuka suna sake kunna na'ura domin tsirar da kilobayit biyar ko goma. Wata manhajar tana son EMS, wata XMS, wata kuma ba ta jituwa da EMM386 ko kaɗan, kamar wasan Ultima VII na 1992 da ya zo da nasa tsarin kula da ma'adana. Shi ya sa mutane suka riƙa ajiye faifan tayar da na'ura daban-daban, kowace manhaja da nata. MS-DOS 6.0 ta 1993 ta zo da MemMaker mai yin wannan tsari da kansa, da kuma jerin zaɓi a lokacin kunna na'ura.

Tsallake katangar

Duk dabarun da suka gabata tattali ne a cikin gida. Hanyar da ta fitar da manhaja waje ita ce ta manhajojin faɗaɗa DOS. Irin wannan manhaja ana liƙa ta ne a jikin manhajar aiki. Da an tayar da ita sai ta shigar da masarrafa yanayin kariya, manhajar aiki ta wala a cikin dukkan ma'adanar da ke akwai. Idan ana bukatar karanta fayil ko wani aikin DOS, sai ta koma yanayin asali na ɗan lokaci, ta isar da saƙo, ta dawo da amsa. Kamfanin Phar Lap Software, da aka kafa a 1986, yana cikin na farko, kuma manhajar zanen injiniyoyi ta AutoCAD ta yi amfani da kayansa. Kamfanin Rational Systems ya yi DOS/16M da DOS/4GW. Da yake waɗannan da manhajojin kula da ma'adana duk suna son riƙe ragamar masarrafa, sai da aka tsara yarjejeniyoyi biyu, VCPI da kuma DPMI, domin su zauna lafiya.

Labarin Lotus ya nuna tsadar jinkiri. Kamfanin ya sake rubuta 1-2-3 da harshen C, ya ɓata lokaci mai tsawo yana ƙoƙarin cusa sabon zubin cikin kilobayit 640, abin ya faskara. Zubi na 3 bai fito ba sai 1989, bayan ya makara sosai, kuma sai da ya dogara da DOS/16M, wanda ke nufin ba ya aiki a kan 8088. A wannan tsakani Microsoft ya riga ya fito da Excel na Windows tun 1987. Da Windows 3.0 ta bayyana a watan Mayun 1990, tana gudanar da manhajojinta a yanayin kariya, sai kasuwa ta karkata can, Lotus kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. IBM ya saye shi a 1995 a kan kimanin dala biliyan 3.5. Wannan matsala ta ma'adana ba ita kaɗai ta jawo koma-bayan ba, amma tana cikin manyan dalilai.

A fagen wasanni, Doom na kamfanin id Software, da ya fito a watan Disamban 1993, ya yi amfani da DOS/4GW, yana bukatar megabayit 4, kuma ya nuna wa jama'a cewa manhajar DOS na iya mantawa da katangar. Maganin dindindin dai shi ne sabuwar babbar manhaja. OS/2 ta IBM da Microsoft ta fito a 1987, Windows NT a 1993, sai Windows 95 a watan Agustan 1995, wadda duk da haka DOS ce ke tayar da ita. Sai da Windows XP ta zo a watan Oktoban 2001 sannan kwamfutocin gida na Microsoft suka rabu da DOS a matsayin tushe, shekara ashirin bayan IBM PC.

Sabuwar katanga

Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Gigabayit 4 na masarrafa mai bit 32, wanda a 1985 ya yi kama da abin da ba za a taɓa cikawa ba, shi ma ya cika. Windows mai bit 32 tana raba shi biyu, gigabayit 2 na manhaja, 2 na babbar manhaja. Katunan allo da sauran na'urori kuma an keɓe musu adireshi a saman gigabayit na huɗu, don haka wanda ya sanya gigabayit 4 yakan ga uku da ɗoriya kawai, daidai da abin da ya faru da kilobayit 384. Magungunan ma sun yi kama da na da. Tsarin PAE da ya zo da Pentium Pro a 1995 ya ƙara layuka zuwa 36, wato gigabayit 64, amma kowace manhaja ba ta wuce iyakarta ta bit 32 ba. Kamfanin AMD ne ya buɗe hanyar bit 64 da masarrafar Opteron a 2003. Har yau akwai wata alama da ake kunnawa a kan tsohuwar manhaja mai bit 32 domin Windows mai bit 64 ta ba ta gigabayit 4 maimakon 2, kuma masu riƙe da tsofaffin manhajoji da wasanni suna amfani da ita, da sharaɗin cewa manhajar ba ta ɗauki manyan adireshi a matsayin kuskure ba.

Kammalawa

Abin da ya raya katangar 640 tsawon waɗannan shekaru shi ne dukiyar da mutane suka zuba a manhajojinsu da bayanansu. Kamfanin da ya tara lissafin shekaru a cikin wata manhaja ba zai yar da ita ba don an ƙirƙiro sabuwar masarrafa, mai ƙera kwamfuta kuma ba zai fito da na'urar da za ta ƙi karɓar wannan manhaja ba. Saboda haka kowane mataki, daga rassa masu karɓa-karɓa zuwa tagar EMS, da ƙofar A20, da manhajojin faɗaɗa DOS, an ɗauke shi ne bisa sharaɗin kada tsohon abu ya daina aiki. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da manhajojin DOS, amma waɗanda ke bukatarsu suna komawa ga FreeDOS, wadda Jim Hall ya fara a 1994, ko ga DOSBox da ta fito a 2002. Wannan ta biyun tana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaba ɗaya a cikin sabuwa, kuma a cikin fayil ɗin saitinta akwai layukan da mai amfani zai kunna EMS da XMS, domin manhajar da aka rubuta a shekarun 1980 ta iske kilobayit 640 ɗinta da tagarta a inda ta saba samun su.